Ƙaramin allon RP2040 na gwaji: a duba min zanen kafin in tura a buga

Mai Zane:
Assalamu alaikum. Ina neman gyara kafin in tura zane wajen masu buga fanel. Allon ƙarami ne, na koyo da gwaji, wanda za a soka a allo mai ramuka. Ga abin da na tsara, na kuma haɗa da hoton zanen: RP2040, wato IC ɗin kamfanin Raspberry Pi da zai zama ƙwaƙwalwar allon, ma'ajiyar W25Q16JV mai 2MB, kiristal 12MHz, soket na USB-C mai ƙafa 16, AMS1117-3.3 don sauke wuta, madanni ɗaya na BOOTSEL don shigar da sabon shiri, LED ɗaya a GPIO25. Fanel mai fuska biyu, kauri 1.6mm, tsakanin layukan ƙafafu biyu 25.4mm. Ƙafafun CC1 da CC2 na soket ɗin na haɗa su kan rizisto ɗaya 5.1k don rage kaya. Guda 10 zan fara haɗawa, da hannu. Ina ne zai ba da matsala?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Fara raba CC1 da CC2 tukuna, kowacce da nata 5.1k zuwa GND, wato layin nagatif. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Kuskuren nan shi aka yi a Raspberry Pi 4 na farko a 2019, har sai da aka sake fanel ɗin.

Abin da ke faruwa: kebul mai ƙaramin IC a cikin kansa, irin na cajar laftof, yana ɗora rizisto na kusan 1k a ɗaya layin CC. In ka haɗa layukan biyu, cajar za ta ga ƙaramin rizisto a duka biyun, ta ɗauka na'urar sauti aka soka mata, ta ƙi sakin 5V. Muguntar abin ita ce da kebul mai kan A a gefe ɗaya komai zai yi aiki lafiya lau, don shi 5V ɗinsa a buɗe take kullum. Sai ka raba allon ga mutane sannan ƙorafi ya fara zuwa.

Kuma ka tabbata ka haɗa ƙafafun soket A6 da B6 a D+, A7 da B7 a D-, wato layukan bayanan USB. In ka manta, kebul zai yi aiki ta fuska ɗaya kawai, a juya shi ya mutu.

Na Damagaram:
Ni tambayata ta riga wannan. Me ya sa RP2040? Ƙafafunsa 56 ne a jikin abu mai 7mm, tazarar 0.4mm, kuma a ƙarƙashinsa suke. Ga ma'ajiya a waje, ga kafasito fiye da goma. ATmega328P mai ƙafa 32 tazararsa 0.8mm ce, da ƙarfen dalma kaɗai za a ɗora shi, yana aiki da 5V, kuma yawancin firikwensin da ɗalibai ke saya na 5V ne. Ka haɗa shi da CH340C mai sada shi da USB, wanda ba ya buƙatar kiristal, da 100nF daga DTR zuwa RESET, ka gama.

Mai Zane:
Malam, 2KB na RAM ne ya kore ni. Ina son MicroPython ya hau, kuma a riƙa jefa fayil ɗin UF2 kamar ana kwafa a filasha, ba sai an girka direba ba. RP2040 na da 264KB da USB a cikinsa.

Injiniya Maman Ilham:
Hujjar ta karɓu. Amma maganar Malam Na Damagaram a kan ɗora shi gaskiya ce, kuma akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu: RP2040 ba shi da ƙafar GND ko ɗaya a gefe. Farantin da ke tsakiyar cikinsa shi kaɗai ne GND. In bai kama dalma ba, allon ba zai tashi ba ko da duka ƙafafu 56 sun zauna daidai. Saboda haka yadda za ka haɗa shi ne zai faɗa maka yadda za ka zana shi, tun ran gini ran zane.

In da bulowa za ka yi, irin ta masu gyaran waya, to:

Ka sayi farantin shafa dalma tare da fanel ɗin, kauri 0.12mm. A wurin farantin tsakiya kada ka buɗe rami ɗaya babba. Raba shi gida huɗu ko tara, dalmar ta rufe kamar rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na wurin. In ta yi yawa, IC ɗin zai yi iyo a kanta, ƙafafun gefe su ɗaga, sai ka ga wasu sun kama wasu ba su kama ba.

Ramukan da ke kai GND zuwa bayan fanel su zama ƙanana, 0.3mm, guda tara sun isa. Manya suna shanye dalmar.

Ka zaɓi ENIG, wato mai ruwan zinare, ba HASL mai rufin dalma ba. HASL na barin tudu a kan kowane wurin ƙafa, kuma a 0.4mm tudun nan na sa IC ya karkace.

Dalmar Sn63Pb37 tana narkewa a digiri 183, marar gubar SAC305 sai 217. Ga mai bulowa ta farkon ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ɗumama fanel ɗin daga ƙasa kafin ka kawo iska ta sama, kuma ka rage ƙarfin iskar, in ba haka ba ƙananan kafasito za su tashi sama.

Mai Dalma:
Ƙari a kan na Injiniya. Wanda ba shi da farantin shafawa yana iya barin rami ɗaya na kamar 1.5mm mai rufin jan ƙarfe a tsakiyar farantin, ya ɗora IC, ya juya fanel ya zuba dalma ta baya da ƙarfe mai kauri. Ba kyau gare shi ba, amma yana aiki. Sai dai ka tsawaita wuraren ƙafafun gefe da kamar 0.5mm zuwa waje, don bakin ƙarfe ya samu abin taɓawa lokacin gyara.

Girman rizisto da kafasito kuma: ƙanana masu lamba 0402 kusa da IC kawai, inda wuri ya matse. Sauran duka 0603. Wanda zai gyara allon nan gobe ba lallai yana da madubin ƙara girma ba.

Baban Walida:
Mu dawo kan wuta, don nan ne allon farko ya fi mutuwa. AMS1117 ban yarda da shi a nan ba, dalili uku.

Yana buƙatar wutar shiga ta ɗara ta fita da kusan 1.1V zuwa 1.3V. Ke nan sai ka ba shi wajen 4.5V kafin ka samu 3.3V tsayayya. Batirin 18650 cikakke 4.2V ne, don haka ba zai taɓa riƙe allon da kyau ba. Ko a USB, in ka sa diyod a gaba ta ci 0.3V, kebul mai araha ya ci nasa, kana bakin gaɓa.

Shi kansa yana shan kusan 5mA ko ba a yin komai. Allon da ke barci a kan batir, wannan kaɗai zai ƙarar da shi.

Na uku, an tsara shi ne da kafasiton tantalum 22µF a mafita. Ka sa masa na yumɓu zalla, wasu daga cikin kwafe-kwafensa da suka cika kasuwa sai su fara kaɗawa. Mita za ta nuna maka 3.3V, amma allon na ta sake tashi ba dalili.

AP2112K-3.3 nake ba da shawara: 600mA, ratar da yake buƙata kusan 0.25V a cikakken lodi, abin da yake sha kusan 55µA, kuma 1µF na yumɓu a shiga da fita ya ishe shi.

Na Damagaram:
Ranka ya daɗe, ka faɗi rabi ka bar rabi. AP2112K iyakarsa 6V. Allon koyo ne fa. Ranar da yaro ya ɗauko batir 9V ko adafta 12V ya soka a ƙafar shiga, shi ke nan, kuma in ya mutu a haɗe sai ya tafi da RP2040 da ma'ajiyar. AMS1117 na jure wannan.

Ga kuma zafi. Jikin AP2112K, wato SOT-23-5, ƙarami ne, yana hawa kusan digiri 180 a kowace wat. Daga 5V zuwa 3.3V a 300mA, 1.7 sau 0.3, rabin wat ke nan, ƙarin digiri 90 da ɗoriya. Ka ɗora wannan a kan ɗakin da ke digiri 40 a watan Afrilu, cikin akwatin roba. Ka wuce 130. Lambar 600mA da ke takarda ba za ka taɓa ganinta a irin wannan yanayi ba. SOT-223 na AMS1117 na da kunne babba da ke zubar da zafi a jan ƙarfen fanel.

Baban Walida:
Lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma allon shi kaɗai ba ya kai 100mA. A 100mA zafin 0.17 na wat ne, ƙarin digiri 30, ba komai. Wanda zai ja 300mA daga layin 3.3V, injin juyawa ne ko na'urar GSM ya rataya, waɗannan kuwa dama ba a nan ya kamata su sha ba. Kuma AMS1117 ɗin naka a 12V da 100mA yana ƙona 0.87 na wat, ba ya mutuwa nan take amma yatsa ba ya zama a kansa.

Injiniya Maman Ilham:
Ku biyun kuna magana ne a kan allo biyu daban. Mai Zane, yanke shawara: allon USB da batir ɗaya ne, ko allon adafta? In na farko ne, AP2112K, ka rubuta "5.5V iyaka" da manyan baƙaƙe kusa da ƙafar, ka shimfiɗa jan ƙarfe mai faɗi a ƙafar GND ɗinsa. Pico, allon RP2040 na kamfanin Raspberry Pi, ya kauce wa gardamar nan da RT6150, mai ɗagawa da saukewa, yana karɓar 1.8V zuwa 5.5V, amma ya zo da nasa ciwon: yana sa hayaniya a layin 3.3V da ke shiga awon ADC, sashen da ke mayar da ƙarfin wuta lamba. Ga zane na farko ban ba ka shawarar shi ba.

Abin da bai kamata a rasa ba ko wanne ka zaɓa: diyod Schottky daga VBUS, layin 5V na USB, zuwa layin shiga. In babu ita, ranar da aka haɗa batir ko wata 5V alhali kebul na jikin laftof, wutar za ta koma cikin laftof ɗin. Sai fiyus mai farfaɗowa na 500mA kafin diyod ɗin. Kuma jimlar kafasiton da ke kan VBUS kada ta wuce 10µF, ƙa'idar USB ke nan, don fizgar farko in an soka kebul.

Wani abu da ake mantawa: kafasiton yumɓu 10µF mai 6.3V a jikin 0603, in ka ɗora masa 5V yana iya rasa rabin ƙarfinsa. Ɗauki mai 10V ko 16V, a 0805.

Mai Zane:
USB da batir ɗaya ne. Na koma AP2112K. Kafasiton da ke kewaye da IC fa? Na sa 100nF guda huɗu da 10µF ɗaya.

Mai Dalma:
Huɗu sun yi kaɗan. Ƙirga ƙafafun wutar IC ɗin: IOVDD shida, DVDD biyu, USB_VDD ɗaya, ADC_AVDD ɗaya. Kowacce 100nF nata, a jikin ƙafar, ba a can gefe ba. Zanen misali na kamfanin ya haɗa ƙafa ta 48 da ta 49 a kan guda ɗaya saboda matsi, wannan an yafe. Ma'ajiyar ma nata ɗaya. Sai 1µF a VREG_VIN da 1µF a VREG_VOUT. Waɗannan biyun ba a wasa da su, don daga nan 1.1V da ƙwaƙwalwar ke sha take fitowa, kuma kai ne za ka ja layi daga VREG_VOUT zuwa DVDD biyun, ba a haɗe suke a ciki ba.

Kowane kafasito da raminsa na GND a gindinsa. Guda goma da ke rabon siririn layi ɗaya mai tsawo ba su fi guda ɗaya amfani ba.

Baban Walida:
Kiristal kuma, faɗa mana lambarsa, ba 12MHz kawai ba. Abin dubawa shi ne CL, wato nauyin kafasiton da aka tsara shi ya gani. Zanen misali na amfani da ABM8-272-T3 mai CL 10pF, da kafasito 15pF biyu, da rizisto 1k a layin XOUT. Lissafin: 15 da 15 a jere 7.5 ne, ka ƙara kusan 3pF na layukan fanel, 10.5. In ka sayi mai CL 20pF ka bar 15pF ɗin nan, zai gudu sama da yadda ya kamata ko ya yi nauyin tashi. Shi wajen 33pF yake so. Kuma kafasiton su zama nau'in C0G, ba X7R ba.

Rizisto 1k ɗin yana hana a yi wa kiristal ɗin dukan da ya fi ƙarfinsa. An zaɓe shi ne don 3.3V da wannan kiristal ɗin, in ka canja ɗaya sai ka gwada.

In allon na tashi wani lokaci, wani lokaci ya ƙi, musamman da an soka wuta, kafin ka zargi dalma ka ɗaga PICO_XOSC_STARTUP_DELAY_MULTIPLIER zuwa 64 a fayil ɗin allonka. Wasu kiristal ɗin ba sa gama daidaita cikin ɗan lokacin da aka ba su.

Na Damagaram:
Tunda an nace sai RP2040, a faɗa wa masu amfani gaskiya: ƙafafunsa ba sa jure 5V. Ƙafar ECHO ta firikwensin awon nisa HC-SR04 5V take fitarwa. Rizisto 1k a jere da 2k zuwa GND na sauke ta zuwa 3.3V. Na layin sadarwa I2C sai tiransisto BSS138 da 10k a kowane gefe. Fitilun WS2812 kuma matsalarsu ta juye ce: a 5V suna son sigina ta kai 3.5V, allonka 3.3V yake bayarwa, wani zubin su yi aiki wani zubin su yi ta ƙyaftawa. 74AHCT125 ke gyara wannan.

Ba cewa nake a ɗora duk wannan a allon ba. Amma a rubuta "3.3V kawai" a fuskar sama.

Injiniya Maman Ilham:
Faɗin allon ma sai an rage. Allo mai ramuka na da rami biyar kowane gefe, tazarar 2.54mm, kwarin tsakiya 7.62mm. Da 25.4mm da ka sa, rami ɗaya zai rage a gefe ɗaya, ɗaya gefen babu ko ɗaya, sai dai a cusa waya ta ƙarƙashi. Wannan ne abin da ke ba mutane haushi da manyan allunan ESP32. 17.78mm irin na Pico na barin biyu kowane gefe. Kuma duka ƙafafu su zauna a kan ma'aunin 2.54mm, kada a maimaita ratar nan ta Arduino Uno tsakanin D7 da D8 da ta hana shi hawa fanel mai ramuka na gama-gari.

Shawarata ma ka bi jerin ƙafafun Pico gaba ɗaya, 40 ɗin, da GND takwas ɗinsa. Duk wani darasi da allon ɗorawa da aka yi wa Pico sai ya yi aiki da naka. Inda za ka fi shi biyu ne: sunayen ƙafafu a fuskar sama, don nasa a ƙasa suke, da an soka shi ba a ganinsu, da madannin sake tashi, daga RUN zuwa GND. Da shi, ka danne BOOTSEL, ka taɓa RUN, ka saki, ba sai kana zare kebul sau hamsin a yini har soket ya kwance ba.

Soket ɗin ma ka ɗauki mai ƙafafun jiki huɗu da ke ratsa fanel. Wanda aka manna a sama kawai yana ɓallewa da jan ƙarfen gaba ɗaya.

Mai Zane:
Layukan USB fa? Na karanta ana son om 90 tsakanin D+ da D-. A fuska biyu da 1.6mm layin na fitowa da faɗi sosai. Sai na koma fuska huɗu?

Baban Walida:
A'a. 12Mbit ne, kuma tsawon layin bai kai 2cm ba. Zanen misali fuska biyu ne, kauri 1mm, layi 0.8mm da rata 0.15mm. In za ka iya komawa 1mm, koma. In ka zauna a 1.6mm ma zai yi aiki, muddin layukan biyu na tafiya tare, tsawonsu ɗaya, kuma GND ɗin da ke ƙarƙashinsu bai yanke ba. Wannan na ƙarshen ya fi lambar 90 muhimmanci. Rizisto om 27 biyu su zauna kusa da IC, ba kusa da soket ba. Ba ka buƙatar 1.5k a D+, yana ciki. A allon STM32F103 mai shuɗi ne ake sa shi a waje, kuma da yawansu sun fito da 10k a wurin, shi ya sa wasu kwamfutoci ba sa ganinsu.

Ƙara USBLC6-2SC6 a bakin soket. Lokacin hunturu iska ta bushe, mutum ya tashi daga kujerar roba ya taɓa allo, tartsatsin nan da ake ji a yatsa ya isa ya kashe ƙafar USB.

Mai Dalma:
BOOTSEL: madannin na jan QSPI_SS zuwa GND ta rizisto 1k. Rizistan ya zauna a jikin layin, kusa da ma'ajiya, sannan dogon layi ya tafi wajen madanni. In ka juya tsarin, ka rataya wa layi mai gudu wutsiya. Ka bar gurbin 10k daga SS zuwa 3.3V, ko ba za ka ɗora ba. Kuma ka tsaya a Winbond. In ka canja kamfanin ma'ajiya, ƙaramin shirin tashi na bayit 256 da ke farkonta zai iya ƙin dacewa, sai ka koma generic_03h, mai aiki da kusan kowacce amma a hankali.

Ga yadda za ka gwada na farko, kada ka haɗa goman a tashi ɗaya. Kafin wuta, auna tsakanin 3.3V da GND, da 1.1V da GND, ka tabbata babu shot. Ba shi wuta daga abin da ka iyakance a 100mA. Auna 3.3V, auna 1.1V. Soka USB: tunda ma'ajiyar babu komai, RPI-RP2 ya kamata ya bayyana a kwamfuta kamar filasha ko ba ka danna komai ba. In ya bayyana, kiristal da USB lafiya. In ka jefa UF2 ya ɓace ya sake dawowa a RPI-RP2, matsalar na ƙafafun ma'ajiya shida ne ko shirin tashi. In bai bayyana ba sam, gwada SWD, layin binciken IC ta ƙafafun SWCLK da SWDIO. IC ɗin na tashi da agogonsa na ciki, don haka SWD na amsawa ko kiristal bai motsa ba. Ya amsa, duba kiristal da ko ka juya D+ da D-. Bai amsa ba, farantin tsakiya ne ko RUN.

Saboda haka fito da SWCLK, SWDIO da GND a ramuka uku, da ɗan wurin taɓa mita a 1.1V.

Injiniya Maman Ilham:
ADC kaɗan. A takarda bit 12 ne, a aikace bai kai 9 ba, kuma yana tsalle a wajen 512, 1536, 2560 da 3584. Aibi ne na cikin IC, zane ba ya gyara shi. Abin da zane ke iyawa shi ne tace ADC_AVDD. Pico ya sa kusan om 200 da 2.2µF, amma ADC na jan kusan 150µA, sai awon ya kauce da wajen 30mV. Tunda kai AP2112K gare ka, wutarka ta fi tsabta, ƙaramin rizisto kamar om 10 da 1µF ya wadatar.

Mai Zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na raba CC, na sa diyod da fiyus da USBLC6, faɗi ya koma 17.78mm, kauri 1mm, ENIG, madanni biyu, ramukan SWD. Kafasito 100nF sun zama goma sha ɗaya.

Na Damagaram:
Har yanzu ina nan kan bakana game da 9V. Ko diyod TVS ta 5V, mai shanye wutar da ta wuce kima, ka sa bayan fiyus a ƙafar shiga, ta ja wutar ƙasa fiyus ya buɗe. Amma fa sai ƙafar shigar ta bi ta fiyus ɗin, a zanenka na yanzu VBUS kaɗai ke bi.

Mai Dalma:
Kuma duba ƙafa ta 19, TESTEN. A hoton da ka turo a sake take. Kai ta GND kai tsaye. Sannan ka buga zanen a takarda a girmansa na gaskiya, ka ɗora soket ɗin USB-C da ka saya a kai. Masu ƙafa 16 sun yi kama da juna, amma ramukan ƙafafun jiki da 'yan turakun roba biyu na ƙasa ba wuri ɗaya suke ba a kowane kamfani, kuma a fanel mai 1mm ƙafafun jikin za su leƙo ta baya fiye da yadda ka zata.